Talabijin na Filasma a Matsayin Allon Kwamfutar Kallo

Gabatarwa

A kasuwannin kayan lantarki na ƙasar Hausa a yau, kusan duk wani talabijin mai faɗi marar ƙeya sunansa filasma. Mai saye ya ce filasma, mai sayarwa ya ce filasma, har a lissafin kayan ɗakin amarya da wannan suna yake shiga. Amma kuwa in aka bi diddigi, galibin abin da ake kira haka ba filasma ba ne, LCD ne ko LED, domin tun shekarar 2014 manyan kamfanonin da ke ƙera filasma ta ainihi suka daina. Irin wannan faɗaɗar ma'ana ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin harshe, don kuwa ta haka omo ya zama sunan kowane garin sabulu, magi kuma ya zama sunan kowane dunƙulen miya.

Makasudin wannan maƙala shi ne bayani a kan filasma ta ainihi, da yadda ake haɗa ta da kwamfuta domin kallon fina-finai a gida. Har yanzu ana samun ta hannu a kasuwa, sau da yawa da araha, kuma kyan hotonta ya zarce na yawancin sababbin akwatunan da ke daidai kuɗinta. Sai dai wanda ya jona mata kwamfuta ba tare da sanin halinta ba yana iya samun hoto dishi-dishi mai yankakken gefe, ko ma ya yi mata tabon da ba ya fita cikin 'yan watanni, alhali kuwa ba a ƙera wata sabuwa da zai musanya ta da ita.

Asalinta

Abin mamaki shi ne, tun farko domin kwamfuta aka ƙirƙiro allon filasma. A shekarar 1964, a Jami'ar Illinois ta ƙasar Amurka, malamai biyu, Donald Bitzer da Gene Slottow, tare da ɗalibinsu Robert Willson, suka samar da shi domin wani tsarin koyarwa ta kwamfuta mai suna PLATO. Allunan farko launi guda suke nunawa, watau ruwan lemo a kan baƙi, kuma rubutu da zane kawai aka nufa da su. A 1983 kamfanin IBM ya fitar da irinsa mai inci 19 domin ofisoshi. Sai a 1992 kamfanin Fujitsu na Japan ya fito da mai inci 21 mai cikakken launi, sa'an nan a 1997 masu inci 42 suka shiga kasuwa a matsayin talabijin, a kan kuɗin da ya kusa dala 15,000 a Amurka. Daga nan fa aka yi ta gyara ta domin hoto mai motsi, har ta yi nisa da aikin da aka haife ta dominsa. Ke nan mai jona mata kwamfuta a yau mayar da ita gidan ubanta yake yi, amma bayan ta daɗe a wani gari ta koyi wasu ɗabi'u.

Ƙarshenta kuwa bai zo don hotonta ya gaza ba. Allunan LCD ne suka fi ta araha wajen ƙira, suka fi ta rashin nauyi da ƙarancin shan wuta, suka kuma fi ta haske a cikin kanti, inda mai saye ke yanke shawara. Kamfanin Pioneer, wanda samfurinsa mai suna Kuro ya yi fice, ya ba da sanarwar barin harkar a 2009. Panasonic ya bi baya a farkon 2014, Samsung da LG kuma a ƙarshen wannan shekara.

Yadda take samar da hoto

Tilas a ɗan tsaya a nan, domin kusan duk wata fa'ida da matsala da za a ambata nan gaba daga nan ta samo tushe. Kalmar filasma a kimiyya tana nufin iskar gas wadda aka ba ta ƙarfi har ƙwayoyinta suka saki wasu daga cikin lantarkinsu, ta zama tana iya ɗaukar wuta. Walƙiya misali ce, haka ma abin da ke cikin doguwar farar fitilar nan ta ofis. Wani masani Ba'amurke, Irving Langmuir, shi ya laƙaba mata sunan a 1928.

Fuskar talabijin ɗin gilasai biyu ne a haɗe, tsakaninsu kuwa akwai ƙananan gurabu jere kamar saƙar zuma, kowane cike da gaurayen iskar niyon da zinon. An shafe cikin kowane gurbi da wata hoda mai suna fosfo, ta wani ja, ta wani kore, ta wani shuɗi. Idan aka aika wuta ga gurbi, sai iskar cikinsa ta zama filasma, ta fitar da wani haske da ido ba ya gani. Wannan haske ya bugi hodar, ita kuma ta haskaka da launinta. Gurabu uku, ja da kore da shuɗi, su ne ɗigo ɗaya na hoto. Allon da ke da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da ɗigo 2,073,600, watau gurabu 6,220,800, kowane fitila ce mai zaman kanta.

Wannan shi ne bambancinta da LCD, wanda fitila ce a bayansa kullum a kunne, ɗige-ɗigensa kuwa tagogi ne masu buɗewa da rufewa. Taga komai rufuwarta sai haske ya ɗan tsiyayo, shi ya sa dare a LCD yakan fito toka-toka. A filasma kuwa inda ake son duhu gurbin ne ba ya ci, saboda haka baƙinta ya fi zurfi, kuma wanda ke zaune a gefen ɗaki yana ganin launi daidai da wanda ke tsakiya. Ga gidan da mutum goma ke kallo, wasu a kujera wasu a tabarma, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Wani abin lura shi ne, gurbi ba ya ci rabi-rabi. Ko dai ya kama ko ya mutu. To, domin a sami haske tsaka-tsaki, sai a raba lokacin kowane hoto gida takwas ko goma, gurbin ya ƙifta a wasu ya yi shiru a wasu, ido ya tattara su ya ga matsakaicin haske. Lambar nan 600Hz da ake gani a jikin kwalayen filasma daga nan take, watau hoto 60 a daƙiƙa sau gida 10. Illar wannan dabara ita ce, wanda ya matso kusa zai ga wuraren duhu suna motsi kamar tururuwa. Daga mita biyu ko uku ba a ganin haka, amma ya isa ya nuna cewa filasma ba allon tebur ba ce. Daɗin daɗawa, a allo mai inci 50 ɗigo 44 ne kacal a kowane inci, alhali allon tebur mai inci 24 yana da wajen 92. Wanda ke son rubuta kundin digiri ya nemi wani allo.

Kwamfutar kallo

Abin da ake nufi da kwamfutar kallo shi ne kwamfutar da aka keɓe a falo, aka haɗa ta da talabijin da lasifika, aikinta ajiye fina-finai da waƙoƙi da hotuna da nuna su. Ba ta bukatar ƙarfi mai yawa. Tsohuwar kwamfutar ofis ko ta tafi-da-gidanka tana wadatarwa, har ma da 'yar ƙaramar nan Raspberry Pi da ta fito a 2012. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta kasance marar ƙara, kuma manhajarta ta nuna manyan haruffa da ake iya karantawa daga nisan mita uku, a sarrafa ta da rimot. Kamfanin Microsoft ya fitar da irin wannan manhaja, Windows Media Center, a 2002, ya kuma janye ta da zuwan Windows 10 a 2015. Wata irinta da ake amfani da ita ita ce Kodi, wadda kyauta ce, kuma kafin 2014 sunanta XBMC.

Batun ɗigo

A nan gizo ke saƙa. Hoton fim yana jure a ɗan buɗa shi ko a matse shi, ido ba zai damu ba. Rubutun kwamfuta kuwa siraran layuka ne, wani kaurinsa ɗigo ɗaya tak, don haka ba ya fita tangaran sai kowane ɗigon da kwamfuta ta aiko ya faɗa kan ɗigo guda na allo, ba ragi ba ƙari. Abubuwa biyu ke hana haka.

Na farko shi ne yawan ɗigon allon kansa. Filasma ba iri ɗaya ba ce. Ta farko-farko mai inci 42 tana da 852 a kwance da 480 a tsaye, wadda ba ta da wani amfani ga kwamfuta in ban da nuna faifan DVD. Masu inci 50 na tsakiyar shekarun 2000 galibi 1366 da 768 ne, ko 1365. Katunan hoto na kwamfutocin wancan zamani sun fi son lambar da 8 ke iya rabawa, saboda haka 1360 suke bayarwa, sai a bar layi uku babu komai a kowane gefe, wanda ba laifi ba ne muddin talabijin ɗin bai ce sai ya ja hoton ya cike gurbin ba. Masu 1920 da 1080, waɗanda suka fara yawaita daga wajen 2007, su ne mafi sauƙin sha'ani.

Mai wuyar sha'ani ita ce mai inci 42 ko 43 mai ɗigo 1024 da 768, kuma an ƙera ta da yawa, har zuwa shekarun ƙarshe, domin ita ce mai araha. Lambobin 1024 da 768 na allo mai siffar 4 da 3 ne, irin tsohon talabijin mai ƙeya, amma ga shi an shimfiɗa su a kan allo mai siffar 16 da 9. Yadda aka yi haka shi ne, ɗigon nata ba murabba'i ba ne, faɗinsa ya fi tsayinsa da kashi ɗaya cikin uku. Ita kuwa kwamfuta ta ɗauka kowane ɗigo murabba'i ne. Idan aka aika mata 1024 da 768, rubutu zai fito sarai, amma da'ira za ta koma ƙwai, siririn mutum ya zama ƙato. Idan kuma aka aika 1280 da 720, siffa za ta daidaita, amma talabijin zai matse ɗigo 1280 cikin gurbin 1024, ƙananan haruffa su dagule. Ga mai kallon fim kawai, hanya ta biyu ta fi sauƙi, kuma ba a rasa kome sosai. Mai son ƙwaƙƙwafi yana iya bin ta farko, sa'an nan ya shiga wurin daidaita hoto na Kodi ya gaya mata cewa ɗigon allon mai faɗi ne, ita kuma ta gyara siffar fim da kanta.

Na biyu shi ne datse gefe, wanda gado ne daga zamanin talabijin mai ƙeya. A wancan lokaci gefen hoto ba ya fita da tsabta, don haka akan buɗa hoton kaɗan yadda bakinsa zai ɓuya a bayan firam. Gidajen talabijin sun san da haka, ba sa sa wani abu mai muhimmanci a gefe. Masu ƙera filasma sun ci gaba da wannan al'ada, inda sukan yanke kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a kowane ɓangare. Ita kuwa kwamfuta a gefen take ajiye kayan aikinta: layin ƙasa mai agogo, da maɓallin rufe shafi a ƙuryar sama. Da an jona sai a ga sun ɓace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a je wajen kwamfuta a ƙanƙance hoton har ya shigo. Wannan aiki biyu ne na ɓarna, kwamfuta ta matse, talabijin ya buɗa, rubutu ya lalace sau biyu. Daidai shi ne a kashe datsewar daga talabijin. Sunan wannan zaɓi ya bambanta: a LG "Just Scan" ne, a Samsung "Screen Fit", a Pioneer "Dot by Dot", a Panasonic kuwa yana cikin jerin zaɓin girman hoto. A Samsung da LG har ila yau, idan aka sauya sunan kafar da aka jona zuwa "PC", talabijin yakan daina rage bayanan launi, jan rubutu a kan shuɗi ya fito ba tare da ya jeme ba.

Game da wayar haɗi, maganar ba ta da tsawo. HDMI, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a ƙarshen 2002, ita ce gaba, don tana ɗauke da hoto da sauti tare. Kwamfutar da ke da DVI kawai ana sa mata 'yar mahaɗa zuwa HDMI, hoto bai ragu da kome ba, sai dai galibi sauti sai an nema masa wata waya. Tsohuwar kafar VGA mai rami 15 ba abin rainawa ba ce a kan tsofaffin filasma, domin a wasunsu ta nan kaɗai ake samun ɗigo a kan ɗigo.

Baƙi da fari

Kwamfuta tana auna haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Harkar bidiyo kuwa baƙinta 16 ne, farinta 235. Idan kwamfuta ta aiko da ma'aunin farko alhali talabijin yana jiran na biyu, duk abin da ke ƙasa da 16 zai zama baƙi ɗaya, a rasa ninkin baƙar riga da fuskar mutum a cikin duhu. Idan aka juya, watau kwamfuta ta aiko da 16 zuwa 235 talabijin yana jiran 0 zuwa 255, sai baƙi ya koma toka, hoto ya yi fari-fari kamar an kalle shi ta cikin hazo. Wannan na biyu ya fi ban takaici, tun da baƙin nan shi ne dalilin sayen filasma tun farko. Ba kome wane ma'auni aka zaɓa, abin bukata dai ɓangarorin biyu su yi magana da harshe ɗaya, kuma akwai wurin zaɓin a manhajar katin hoto da kuma a jerin zaɓin talabijin.

Ɗingishin hoto

Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake saurin musanyawa. Na silima hoto 24 ne a daƙiƙa. Talabijin na Turai da Nijeriya da Nijar an gina shi a kan 25 da 50, na Amurka da Japan a kan 30 da 60. Kwamfuta kuwa, in ba an hana ta ba, sau 60 take sabunta allo. To, 24 ba ta shiga 60 daidai, don haka sai a nuna hoto ɗaya sau uku, na biye sau biyu, haka har ƙarshe. 12 sau 3 da 12 sau 2 sun ba da 60. Sakamakon shi ne, idan kyamara ta juya a hankali, sai a ga hoton yana tafiya kamar mai ɗingishi. Abin ya fi muni ga shirin da aka ɗauka a kan 25 ko 50, kamar galibin fina-finan Hausa na faifai da wasannin ƙwallon Turai, domin rabon 25 cikin 60 ya fi karkacewa. Filasma kuwa, da yake motsinta a fayyace yake, ba ta ɓoye wannan aibi yadda LCD kan lulluɓe shi.

Maganin shi ne a bar manhaja ta riƙa sauya saurin allo gwargwadon fim, kuma Kodi tana da wannan zaɓi. Shirin 25 a nuna shi a kan 50, kowane hoto sau biyu cif. Fim na 24 kuwa ya danganta da talabijin: Pioneer yakan nuna shi sau 72, manyan samfuran Panasonic sau 96, amma wasu ƙananan nasa sau 48 ne, wanda ke ƙyafƙyafta har ya gajiyar da ido, gara a haƙura da 60. A nan ne kuma ya kamata mai sayen ta hannu ya tambayi inda ta fito. Wadda aka yi domin Turai tana karɓar 50 da 60 duka, kuma wutarta daidai take da ta nan. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi domin Amurka ba sa karɓar 50 ko kaɗan, ga shi kuma an yi su domin wuta mai ƙarfin 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce. Jona irin wannan kai tsaye ba tare da taransifoma ba, in ba a rubuce yake a bayanta cewa tana ɗaukar duka biyun ba, asarar kuɗi ce nan take.

Inuwa da tabo

Wannan shi ne babban abin tsoro, kuma ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake cuɗawa. Akwai inuwa, akwai tabo. Inuwa ita ce ɗan alamar da kan saura bayan hoto tsayayye ya daɗe, misali a rufe jerin sunayen fina-finai amma a riƙa hango shi sama-sama a kan abin da ya biyo. Wannan yakan gushe cikin mintoci ko sa'o'i in aka ci gaba da kallon abu mai motsi. Tabo kuwa tsufa ne. Hodar fosfo tana raguwa da aiki, kamar yadda rini ke kodewa da wanki. Kamfanoni sun ce samfuran ƙarshe sai sun yi awa 100,000 kafin haskensu ya ragu da rabi, watau fiye da shekara 30 ga mai kallon awa takwas kullum. Ke nan tsufan kansa ba matsala ba ne in duk allon ya tsufa tare. Matsalar ita ce wani wuri ya riga wani. Idan farin tambari ya zauna a ƙurya ɗaya na ɗaruruwan sa'o'i, gurabun wurin za su dushe fiye da maƙwabtansu, siffar tambarin ta zauna har abada.

Kwamfuta kuwa uwar hotuna tsayayyu ce. Layin ƙasa, da gumakan kan allo, da kibiyar linzami da aka bari a tsakiya, da fim da aka tsayar aka tafi salla ko kasuwa, duk masu yin tabo ne. Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba, watau a kunna karatu ko waƙa na sa'o'i, allon yana nuna hoto guda na mai karatun da sunansa da fararen haruffa. Dabarun kariya ba su da wuya: a sa kwamfuta ta shiga manhajar kallo kai tsaye da an kunna ta, a ɓoye layin ƙasa, a kawar da gumaka, a sa allo ya dushe ko ya yi baƙi bayan minti biyu ko uku na rashin motsi, in sauti kawai ake saurare a kashe hoton. A kuma fitar da talabijin daga yanayin nan mai tsananin haske da aka tanada domin kanti, a mai da shi yanayin silima. Yawancin filasma suna da wata dabara ta gusar da hoto ɗigo ɗaya ko biyu lokaci-lokaci. Tana da amfani, amma gefen tabo kawai take sassautawa, ba ta hana shi. Kuma a wasu samfuran ba ta aiki idan aka zaɓi ɗigo a kan ɗigo, don babu sararin da za a gusa. Akwai kuma farin sanda mai ratsa allo da ake kunnawa domin share inuwa. Inuwa yake sharewa, ba ya warkar da tabo, kuma duk mai cewa yana da faifan da ke cire tabo, abin da faifan ke yi shi ne tsofar da sauran allon.

Baƙaƙen shingaye ma suna yin nasu tabon, ta bayan gida. Tsofaffin fina-finan Hausa na zamanin kaset da faifan VCD siffar 4 da 3 gare su. A allo mai ɗigo 1920, irin wannan fim 1440 yake cikewa, ya bar 240 a dama, 240 a hagu, watau rubu'in allon yana hutu. Fina-finan Indiya da na Amurka masu faɗi sosai kuwa sama da ƙasa suke bari, wajen layi 140 kowane. Gidan da abin kallonsa iri ɗaya ne shekara da shekaru zai wayi gari tsakiyar allo ta dushe, gefe yana sabo, da layi miƙaƙƙe a tsakani. Abin da masu ƙira suka tanada shi ne a mai da shingayen gefe ruwan toka, domin su ma su riƙa aiki. Ba shi da kyan gani kamar baƙi, amma ya fi a ja hoton ya cika allo, a mai da 'yan wasa gajeru masu faɗi, wanda abin takaici shi ne abin da gidaje da yawa suka saba da shi har ba sa ganin aibinsa. Mafi sauƙi dai a riƙa cuɗanya abin kallo.

Wuta da zafi

Tun da kowane gurbi fitila ne, shan wutar filasma yana bin hasken hoto. Fim mai duhu kaɗan yake ci, farin shafi kuwa shi ne mafi tsada. Domin kare kanta, takan rage haske da kanta idan fari ya cika allo, shi ya sa shafin intanet kan fito dusu-dusu a kanta. Ba lalacewa ba ce, halinta ne. Tsofaffin masu inci 50 suna iya haura wat 400 a hoto mai haske, na shekarun ƙarshe sun ragu ƙwarai. Mai dogara da ƙaramin janareta ko batirin sola sai ya duba lambar da ke bayanta, ya haɗa da ta kwamfuta da ta lasifika da ta fanka, kafin ya yi ciniki. Sitabilaiza kuwa wajibi ce, domin allon wutarta da allunan da ke tura gurabu su ne suka fi saurin mutuwa, kayan gyaransu kuma sai dai a ciro daga wata matacciya.

Wutar da ta sha zafi take zama. A bar mata sarari ta baya da ta sama, kada a cusa ta cikin kabad, kada a rufe ta da ƙyallen ado tana aiki, a kuma riƙa share ƙurar hunturu daga ramukan iskarta. Gilashinta yana ɗaukar hoton taga, don haka ɗaki mai labule ya fi dacewa da ita. Wasu samfuran suna dagula rediyon gajeren zango da ke kusa, abin da maigida mai sauraren labarai zai gane tun daren farko.

Wajen saye

Filasma ta ainihi ana gane ta da nauyi, don tsofaffin masu inci 50 sukan haura kilo 30, da fuskar gilashi mai tauri, da ɗumin da ake ji in an kai hannu. Da wuya a sami wadda ta gaza inci 42. Lambar samfurinta galibi tana da harafin P: ta Samsung takan fara da PS ko PN, ta Pioneer da PDP, ta Panasonic da TX-P ko TC-P ko kuma TH. Kada a dogara da kalmar HD da ke jikinta, a nemi ainihin yawan ɗigonta, domin mai 1024 da 768 ma HD ake ce mata. Ba ta nuna HDR, kuma in ban da wata katafariya mai inci 152 da Panasonic ya nuna a 2010, ba a sayar da mai 4K ba, saboda haka sabuwar kwamfuta sai a tsayar da ita a kan 1080.

Mai saye ya tafi da kwamfutarsa da wayarsa, ya jona a gaban mai kaya. Ya tanadi hotuna biyar marasa kome, fari da ruwan toka da ja da kore da shuɗi, ya nuna kowane ya cika allo. A kan tokar ne tsohon tambarin tasha, ko akwatin sakamakon ƙwallo na wadda ta yi zama a gidan kallo, ko layin shingen gefe zai bayyana. Ja da kore da shuɗi kuma su tona gurabun da suka mutu, da siririn layin da kan ratsa allo daga sama zuwa ƙasa. Ya sa kunne a bayanta lokacin da farin ke kai: 'yar ƙara siririya halinta ce, mai ƙarfi kuwa alamar matsala. In ciniki ya faɗa, a ɗauke ta a tsaye, mutum biyu, a kuma tsayar da ita a cikin mota da matashi ta kowane gefe, domin gilashi mai wannan faɗi in aka kwantar da shi, rami ɗaya a hanya ya isa ya tsaga shi.